Harsashin atisaye: a duba bindiga da dokar fili kafin a duba farashi

Ƙannena da ke karatu ko aiki a Amurka da Ingila, waɗanda suka fara sha'awar wasan harbin faifan yumɓu da ake cillawa sama, mu da muka riga ku mun zubar da kuɗi a wurare kaɗan ne, kuma kusan dukanmu a wuri ɗaya: mun ga katan ɗin harsashi da araha, mun sunkuto, sai a filin harbi muka gane ba namu ba ne. Bindigar wannan wasa ita ce shotgan, mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma maimakon harsashi ɗaya. Zagaye ɗaya faifai 25 ne, kwalin harsashi ma 25 yake ɗauka, katan kuma kwali goma, wato 250. Wanda ke zagaye huɗu duk Asabar, kafin mako uku ya cinye katan. Shi ya sa 'yan kwabban da ke tsakanin wannan kwali da wancan suke taruwa su zama kuɗi.

Kafin maganar kuɗi akwai takarda. A Amurka, dokar tarayya ta hana mai bizar zaman wucin gadi, har da bizar ɗalibi, mallakar bindiga ko harsashi, sai in ya shiga cikin 'yan keɓance-keɓancen da aka ware, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne riƙe lasisin farauta na jiha mai aiki. Kada abokin da aka haifa a can ya ce maka “ba komai, shiga ka saya”. Shi ba komai, kai biza ce a wuyanka. Dillali ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kalifoniya tun 2019 tana binciken mai saye kafin a miƙa masa harsashi, Niyok ma ta bi sahu a 2023, saboda haka a waɗannan jihohi odar intanet ba ta zuwa ƙofar gida, sai ta hannun dillali, shi kuma zai caji ladansa. A Ingila kuwa ba za a sayar maka ba sai ka nuna takardar shaidar shotgan daga 'yan sanda.

Sai ka karanta abin da aka zana a jikin bututun bindigarka: geji, wato ma'aunin faɗin bututu, da tsawon mazaunin harsashi. Geji 12 ya fi kowane araha don shi ake bugawa da yawa, 20 na biye da shi. Geji 28 da .410 sun fi ƙanƙanta, dalmarsu kaɗan ce, amma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Sabon shiga da ya sayi ƙaramar bindiga da tunanin harsashinta zai yi sauƙi, ya yi lissafin dokin rano. Tsawon da ake atisaye da shi inci 2¾ ne, milimita 70. Wasu tsofaffin bindigogin Ingila mazauninsu milimita 65 ne, kuma abin haɗarin shi ne na 70 zai shiga ya rufu lafiya lau, domin tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan ya buɗe. In aka harba, bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da kima. Haka nan kada ka taɓa haɗa geji 12 da 20 a aljihu ɗaya. Na 20 yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, ka ɗauka ba ka ɗura ba, ka sa na 12 a bayansa, bututu ya fashe. Dalilin da ya sa kamfanonin Amurka ke yi wa geji 20 kwanso ruwan ɗorawa ke nan.

Filin ma yana da tasa doka, kuma nan ne katan mai rangwame ya fi cin mutane. Yawancin filaye ba sa yarda da ƙwaya da ta fi lamba 7½ girma, saboda manyan ƙwayoyi sun fi tafiya nesa. Lambar tana tafiya a juye: 9 ta fi 8 ƙanƙanta, 8 ta fi 7½. In ka ga lamba 6 ko 4 da araha, na farauta ne, bar shi a kanta. A Ingila filaye da yawa suna kan gonaki ne, ba sa karɓar harsashi mai toshiyar roba, sai mai toshiyar zare da ke ruɓewa a ƙasa (toshiya ita ce abin da ke tsakanin albarushi da ƙwayoyi a cikin kwanso). Wasu kuma sun hana dalma gaba ɗaya, sai ƙwayar ƙarfe. Kira ɗaya a waya zai gaya maka duk wannan, kuma shaguna galibi ba sa karɓar harsashi da aka riga aka fitar.

Yanzu ga inda ake rage kuɗi da gaske, wato nauyin dalma. Za ka ga giram 32, 28 da 24, a Amurka kuma oza 1⅛, 1 da ⅞. Matasa suna rububin mai nauyi mai gudu, wai ya fi fasa faifai. A gasar Olamfik giram 24 ake harbawa, faifan nasu kuma ya fi na filin unguwa gudu. Oza ɗaya ta lamba 8 tana da ƙwaya kusan 410, faifan da bai wuce faɗin tafin hannu ba kuwa ƙwaya kaɗan ke tarwatsa shi. In ka kuskure, gaban faifan ne ba ka tara ba, ba ƙarancin dalma ba ne. Mai nauyin ba tsada kaɗai ke gare shi ba, yana dukan kafaɗa, kuma bayan harbi ɗari jiki kan koyi zabura kafin a ja kunama, ido ya ƙyafta, bakin bindiga ya sunkuya. Cire wannan ɗabi'a ya fi koyon harbin wahala. Giram 28 ko 24, lamba 8, gudun ƙafa 1,145 zuwa 1,200 a daƙiƙa, ya wadatar da mai koyo.

Harsasai irin su Federal Top Gun, Winchester Super Target da Remington Gun Club don atisaye aka yi su. Winchester AA da Remington STS sun fi su taurin ƙwaya da ingancin kwanso, amma wannan bambanci na mai gasa ne, ba na wanda ke fasa 15 cikin 25 ba. Sai dai fa ka sayi kwali ɗaya ka gwada kafin katan. Gindin harsashi mai araha ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan tagulla, in ya buɗe da zafi ba ya komawa kamar tagullar gaske, sai ya maƙale a mazaunin da ke da datti ko kaushi, musamman a bindigar da ake ja da hannu. Goge mazaunin da buroshi kan magance shi. Bindiga mai ɗura kanta da ƙarfin shurinta kuma, giram 24 kan kasa tura ta, ta harba ɗaya ta tsaya.

Wajen kwatanta farashi, raba jimillar kuɗi har da haraji da kuɗin kawowa a kan yawan harsashi. Katan na geji 12 ya haura kilo goma, kuɗin aikowa kan cinye rangwamen intanet tas. Kulob da yawa kan haɗa kuɗin mambobi su yi oda babba sau ɗaya, wannan ya fi komai sauƙi. A Amurka ka sa ido a watan Agusta, domin farautar kurciya tana buɗewa 1 ga Satumba a jihohi da dama, manyan shaguna sukan karya farashin lamba 7½ da 8. Wanda ya ga 2020 da 2021, lokacin da kantuna suka zama wayam, ya san amfanin ajiye katan biyu a gefe, a wuri busasshe mai sanyi, a kulle, ba a but ɗin mota ba.

Za a ce maka ka sayi inji ka riƙa sake cika kwanso da kanka. Buhun dalma mai nauyin fam 25 yana ba da harsashi 400 na oza ɗaya. Ka ɗora kuɗin albarushi da sauran kaya da injin, a geji 12 ribar ba ta taka kara ta karya ba. Mai geji 28 ko .410 ne ke ganin amfaninsa. Wanda wani ya cika a gida yake sayarwa cikin leda kuwa, ko kyauta ne kada ka karɓa, ba ka san abin da ya auna ba. In kana harbi ka ji ƙara ta fita a raunane, kamar an doki katifa, tsaya nan take, buɗe bindiga, cire harsashi, leƙa bututun ta baya, wataƙila toshiya ta tsaya a ciki. In kuwa ka ja kunama bai tashi ba, bar bakin yana kallon fili daƙiƙa 30 kafin ka buɗe, sannan ka miƙa harsashin ga mai kula da fili.