Guga biyu da buhu huɗu: 'yan kwana-kwanan sa-kai na farko a Filadelfiya

Da zarar hunturu ya kama a Zariya, maganar gobara sai ta dawo bakin 'yan kasuwar Sabon Gari da Tudun Wada. A cikin ganuwa kuwa, akwai lungunan da ko motar kwana-kwana ta zo, sai dai ta tsaya a bakin titi. Kafin ta iso, maƙwabta ne masu aikin. Shi ya sa tarihin Filadelfiya ta Amurka ya cancanci a duba shi, domin su ma da maƙwabta suka fara.

A 1730 wata gobara ta tashi a bakin tashar jiragen ruwan garin, ta cinye rumbunan kaya da gidaje. Hukuma ta sayo famfunan kashe wuta daga Ingila, da guga da tsani da ƙugiyoyi. Kaya sun samu, amma in wuta ta tashi kowa ihu yake yi, babu mai sanin inda zai tsaya. Ranar 7 ga Disamba 1736 Benjamin Franklin, mai sana'ar ɗab'i, ya haɗa abokansa suka kafa ƙungiyar kashe gobara mai suna Union Fire Company. Suka ƙayyade yawan mutanen da za su shiga.

A ganinmu ƙarfin ƙungiyar yana cikin takardar dokokinta. Kowane mutum zai tanadi gugan fata biyu da buhun yadi huɗu da kuɗin aljihunsa, a rubuta harufan sunansa a jiki, kuma ba a yarda a yi wani aiki da su ba. Buhun yana da zariya a baki, na kwashe kayan mai gida ne kafin wuta ta kai gare su. Wanda aka tarar gugansa ko buhunsa bai cika ba, tarar sule biyar. Ana taro sau ɗaya a wata, wanda bai zo ba shi ma ya biya. Da kuɗin tarar nan suka riƙa sayen famfo da tsani. Sannan a wurin gobara ana tsayar da mutane a ƙofar gida, kada ɓarawo ya shiga da sunan taimako. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san dalili.

Ga yadda aikin yake. Ana yin layi biyu daga rijiya zuwa famfo: ɗaya na miƙa guga cike, ɗaya na mayar da wanda ya zube. Gugan bai fi cin rabin jarkar 'yan garuwa ba, kuma da gangan ne, don babban bokiti yana gajiyar da hannu, ruwan kuma ya ƙare a ƙasa. Fata suka zaɓa saboda in an jefo ta daga sama ba ta fashewa kamar katako. Amma dukawa sun sani, fatar da aka yasar ba mai sai ta bushe ta tsage, ɗinkin ya riƙa yoyo. Shi ne amfanin duba kaya a kai a kai.

Famfon irin na Richard Newsham na Landan akwatin katako ne mai ƙafafu. A cikinsa ake juye ruwan, ƙarti su kama sanduna a gefe biyu suna dannawa sama da ƙasa. Yana da wata tukunyar iska da ke sa ruwan ya fita a miƙe ba tsinkewa. Matsalarsa biyu: in layin guga ya yanke, akwatin ya ƙafe nan take, kuma bakin feshin a jikinsa yake, dole a turo shi dab da wuta. Ƙugiya kuwa ba ta kashe wuta, rufin da ya kama ake fizgowa da ita, wani lokaci har na maƙwabci, don wutar ta rasa abin ci.

Da adadin ya cika, masu son shiga sai suka kafa nasu: Fellowship a 1738, Hand-in-Hand a 1742. A 1807 wasu 'yan kwana-kwana biyu na garin, James Sellers da Abraham Pennock, suka ƙera tiyon fata da aka haɗe da ƙusoshin ƙarfe maimakon zare, wanda ke jure ƙarfin ruwa. Daga nan layin guga ya fara ja baya.

Daga baya yawan ya zama fitina. Ƙungiyoyi suka koma gasar wa zai fara isa, har a yi dambe a kan bakin famfon titi gida na ci. A 1871 hukumar Filadelfiya ta karɓe aikin, ta ɗauki ma'aikata masu albashi.