Man birki kafin ƙarfin inji

Garejina ƙarami ne, a wani ƙauye kusa da Silverstone a tsakiyar Ingila, kuma yawancin motocin da ake kawo mana lafiyarsu ƙalau. Masu su ne ke son shiga filin tsere. A nan akwai ranakun da ake buɗe filaye irin su Silverstone, Donington Park da Brands Hatch ga kowa: mutum ya biya kuɗi, ya shiga da motar da yake zuwa aiki da ita, ya yi gudu son ransa. Ba gasa ba ce, galibi ma an hana auna lokaci. Namu shi ne shirya motar, sannan wanda ya yarda mu kai shi filin santsi, inda ake sa mota ta zame da gangan, ya koyi abin yi idan ta kuɓuce masa.

Sabon shiga da maganar inji yake fara sallama, a ƙara masa ƙarfi, a sa salansa mai ƙara. Ni kuwa tambayata ta farko ita ce yaushe rabon da a canza man birki. Wannan mai yana zuƙar danshin iska sannu a hankali. Nau'in DOT 4 idan sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa tun wajen 155. A titi ba za ka taɓa ganewa ba. A fili kuwa, inda ake danna birki da ƙarfi kwana bayan kwana, sai man ya yi kumfa, ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa, mota ko a jikinta. Shi ya sa ba na barin mota ta fita sai an zuba sabo, an fitar da iskar da ke cikin layin, an kuma duba kaurin fatar birki, domin wadda za ta yi wata shida a gari tana iya cinyewa a yini guda.

Sai taya. Doka ta yarda da zanen taya mai zurfin milimita 1.6, amma wanda ya je fili da irin wannan da me zai koma gida? Iska ma da dabararta: taya na ɗaukar zafi iskar ciki ta ƙaru, don haka ana aunawa ne da zarar an fito daga zagaye, a rage abin da ya hau, a kuma tuna a mayar kafin a hau titi da yamma. Baƙin mai, ruwan lagireto, ɗaurin notunan taya, ƙugiyar jan mota, kwashe tarkacen cikin but, waɗannan aikin safiya ɗaya ne.

Mai son salansa mai ƙara shi ne yakan fi shan kunya. Filayen nan suna da maƙwabta, kowanne da iyakar ƙarar da aka yarda masa, kuma ana aunawa da na'ura kafin a shiga. Ka wuce iyaka, ka zama ɗan kallo da kuɗinka. Wani abin da nake nanatawa har a gaji da ni: inshorar titi ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere.

Filin santsi ya fi min daɗin aiki. Shimfiɗa ce mai sulɓi da ake jiƙawa da ruwa, ta yadda mota za ta zame tana gudun da bai kai na cikin unguwa ba. Zamewa iri biyu ce. Idan tayoyin gaba suka saki, ka murɗa sitiyari mota ta ƙi shan kwana, ta miƙe. Hannu zai so ya ƙara murɗawa, alhali maganin shi ne a sassauta totur, a ɗan warware sitiyarin har taya ta sake kama ƙasa. Idan na baya ne suka saki, gindin mota ya yi waje, sai a juya sitiyari ta ɓangaren da gindin ya nufa, da sauri, a kuma dawo da shi da zarar ta kama, in ba haka ba ta watsa ka ɗaya gefen fiye da na farko. A duka biyun ido ne jagora: wanda ya kafe shinge da kallo, shingen zai je ya samu.

Tun Nuwamban 2014 duk sabuwar motar da aka sayar a Tarayyar Turai sai da na'urar da ke danna birkin taya ɗai-ɗai idan mota ta fara zamewa. Nakan sa ɗalibi ya gwada da ita a kunne, sannan a kashe, ya ji da jikinsa yawan aikin da take yi masa bai sani ba. Da yawa daga nan suke daina zumuɗin kashe ta.

A Suwidin ba a ba da lasisi sai an bi ta filin santsi. Amma Norwe ta ga abin mamaki a shekarun 1980: samarin da aka koya wa gyara zamewa sai haɗurransu a kan titi mai santsi suka ƙaru, don sun ɗauka sun ƙware. Saboda haka ni ba gwanintar wulwula mota nake sayarwa ba, ko da yake ita ta fi jawo kasuwa. Rabin darasina birki ne zalla: ɗalibi ya tsaya daga gudun kilomita 30, ya sake daga 60, sannan ya sauko ya auna tazarar da ƙafarsa, ya tarar ta ninka kusan sau huɗu.