Haruffa masu kaurin ƙafa

A sana'armu ta tsara fasta da allon shago, ba mai zuwa ya kira sunan samfurin haruffa ya ce "sa mini Rockwell". Abin da za ka ji shi ne, "Malam, rubutu mai nauyi nake so, wanda za a hango daga tsallaken titi." Da na ji haka sai hannuna ya tafi wajen haruffan da ake kira slab serif. Dubi H ko T ɗinsu da kyau. Ƴan ƙafafun da ke ƙarshen kowace sanda ba sirara ba ne irin na Times New Roman. Kaurinsu ya kusa kai na sandar kanta, a yanke tsaf kamar bulo.

Dama don talla aka ƙirƙiro su. Wajen 1815 ne wani mai zuba haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fitar da irinsu a Landan, lokacin da masana'antu suka yawaita, kowa na son takardar da ya manna a bango ta fi ta maƙwabcinsa ɗaukar ido. Haruffan littafi ba za su iya wannan kokawa ba. A Amurka ma da katako aka riƙa sassaƙa manyansu, don na dalma sun yi nauyi, ga tsada.

Ni dai a cikinsu Clarendon ce tawa. Robert Besley ya fito da ita a 1845, har ya yi mata rajista don kada a kwaikwaya, amma kariyar ta shekara uku ce kacal, tana ƙarewa masu zuba haruffa suka yi mata caa. Sirrinta yana wurin da ƙafa ta haɗu da sanda: akwai ɗan lanƙwasa mai laushi, shi ya sa take da nauyi amma ba ta da tsawa. Ita nake sa wa gidan burodi ko mai sayar da kilishi. Rockwell ta kamfanin Monotype, ta 1934, ba ruwanta da lallashi, kusurwoyinta a tsaye suke ƙyam. Wannan ta mai siminti da rodi ce.

Inda yaranmu ke ɓata aiki shi ne su rubuta komai da su, har adireshi da lambar waya. Kalma biyu ko uku sun isa, sauran a bar wa siririn rubutu marar ƙafa. Kuma idan ka matse haruffan, ƙafafun sai su manne da juna, HILL ya zama katanga guda. In aka ƙanƙanta su a takarda mai shan tawada kuwa, cikin haruffa irin a da e cikewa yake yi.

Babban ciwon kaina shi ne ɓ da ɗ da ƙ. Da yawa daga cikin haruffan nan ba su da su. Ka rubuta "ɗanwake" a manhajar zane ta CorelDraw, sai ka ga ɗ ta fito siririya daga wani samfurin daban, ko akwati ya tsaya a gurbinta. Wasu sukan cire lanƙwasar kawai su huta, abin da ni ba na yarda da shi, balle a allon da zai shekara a bakin titi. Abin da nake yi shi ne in mayar da rubutun zane, in yanko kan f mai ɗan ƙwallon nan, in dasa shi a saman d ko k, sannan in daidaita kaurin har ya saje. Yana cin lokaci, kuma ba wanda ya taɓa ƙara mini ko sisi a kansa.