Talata: na kai ƙara saboda littafin bashi

Yau ban buɗe shago ba sai bayan la'asar. Da sassafe na hau kabu-kabu daga Zango zuwa wurin lauya, da jakar takardu a hammata, raina a jagule, domin wanda zan kai ƙara ni na koya masa ɗaura waya.

Shekara 6 yana wurina. Faifan sola da batura da famfunan ban ruwa muke sayarwa, kuma rabin cinikinmu da masu garka ne na Mirya da Matamaye da Gidimuni, masu ɗaukar famfo bashi su biya in sun sayar da rake ko kayan miya. Bashin nan duka yana cikin littafi ɗaya mai baƙin bango, wanda gefensa ya yi laushi saboda gumin hannu: sunan mutum, garinsu, abin da ya bayar, abin da ya rage. Sai wayar shago, wadda lambarta ke rubuce a ƙofa. Mako uku ke nan da muka yi sa-in-sa kan kuɗin kwanan da yake yi a ƙauye, ya fita da littafin da wayar. Na yi shiru, na ce fushi ne, zai huce. Ran Juma'a wani dattijo daga Mirya ya zo neman batir, yake gaya mini ai ya gama biyan bashinsa, jika 150, ya damƙa wa yarona. Ko dala ba ta shigo shago ba.

Na zayyana wa lauya komai, na ƙare da cewa: "Metir, so nake alƙali ya hana shi sana'ar sola a Damagaram gaba ɗaya."

Ya ajiye alƙalaminsa. "Alhaji, ina kontirar da kuka sa wa hannu?"

Babu. Da baki muka yi, gaban mahaifinsa, aka shafa fatiha. Ya ce to in cire wannan a raina. Ko da akwai takarda, kotu ba ta saurin yarda da sharaɗin da zai hana mutum cin abinci da sana'arsa, balle babu. Abin da yaron ya koya a hannuna ya zama nasa. Littafi da waya da sunan shago kuwa nawa ne, kuma a kansu za mu tsaya.

Hanyar da ya zaɓa ita ce shari'ar gaggawa, wadda suke kira refere. Shugaban kotu ne ke saurare, cikin ƴan kwanaki, kuma ba ya yanke wa ke da gaskiya a asalin rigimar. Yana duba abu biyu: akwai gaggawa, kuma akwai ɓarnar da in an jira ba za ta gyaru ba? In ya gamsu sai ya ba da umarni na wucin gadi. Abu uku muka roƙa: a mayar da littafi da waya, ya daina karɓar kuɗi da sunan shagona, a kuma ɗora masa tara ta kowace rana in ya ƙi bi. Metir ya ƙara da cewa jerin masu sayen kaya sirrin kasuwanci ne, yarjejeniyar Bangi ta ƙasashen OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka wadda Nijar ke ciki, ta hana amfani da irin wannan sirri ba da yardar mai shi ba. Ni dai abin da na fi fahimta shi ne damina ta wuce, masu garka sun fara samun kuɗi, kowace ranar kasuwa wani zai biya a hannun da ba nawa ba.

Alƙali ba ya aiki da "an ce", don haka muka wuce wurin husiye, jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani don ya zama shaida, mai kuma kai takardun kotu. Na kira dattijon Mirya, Allah ya saka masa, ya shigo mota ya zo. Ya ciro wata ƴar takarda a ninke daga cikin hularsa, rubutun yarona ne, da sunan shagona a sama. Husiye ya kira lambar shago a gabanmu, ya rubuta wanda ya ɗauka da abin da ya faɗa. Da na ji muryarsa yana cewa "Salamu alaikum, shagon Alhaji ne," sai da na sunkuyar da kai. Kafin azahar shugaban kotu ya ba da izini a kira shi ran Alhamis.

Akwai ɗaya takardar, wadda na so in bari a ƙasan jaka: sammacin sufeton ƙwadago. Yaron ya riga ni kai kuka. Metir ya karanta, ya dube ni, ya ce wannan wata shari'a ce daban, umarnin gaggawa ba zai shafe ta ba. A dokar ƙwadago ta 2012, aikin da aka yi shekaru ana yi ba takarda ana ɗaukarsa aikin dindindin. Sufeto zai fara neman sulhu, in ya gagara sai kotun ƙwadago, inda ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara. Metir ya tambaye ni ko na yi wa yaron rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata. Ban yi ba. Hutun shekara fa? Sai dai na salla. Ba shi kaɗai ya ci amana ba, ni ma akwai haƙƙinsa a wuyana, kuma na fake da cewa ɗan gida ne, na bar abin ya taru shekara 6. Wannan bai halatta masa kuɗin dattijon Mirya ba, amma ya sa na daina jin zafin ƙin hana shi sana'a. Yana da mata da ƴaƴa biyu.

Bayan magariba mahaifinsa ya yi sallama a ƙofar gida. Husiye ya riga ya kai musu takarda. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi shan ruwa sai da ya yi magana.

"Alhaji, kotu tsakaninmu? Da ka zo wurina."

"Baba, sau biyu na aiko, aka ce ba ya nan."

Ya daɗe yana jan carbi. Daga baya ya ce in ba shi zuwa gobe da dare. Na ce in littafi da waya suka dawo kafin Alhamis, da lissafin abin da aka karɓa, zan sa Metir ya janye ƙarar, kuma a gaban sufeto ba zan yi musun ko dala da ke kaina ba.

Na raka shi har bakin titi. Yanzu ƙarfe 11 ta wuce, yara sun yi barci, ina zaune da tsoffin rasit ina ƙirga kwanakin da yaron ya yi a ƙauye tun watan azumi. Na kai kwana 41, ban gama ba.