Makin jarrabawa da aljihun iyaye

Aikin tattara sakamakon jarrabawa a wata makarantar gwamnati ta aji 6 zuwa 8, a wata unguwa da ke gefen birni a Amurka, ya koya mini kada in yi saurin yarda da matsakaicin maki. Yaran 'yan shekara 11 zuwa 14 ne, kuma doka ta ce a gwada su a lissafi da karatu duk shekara. Amma lambar da ake fitarwa ta fi ba da labarin iyaye a kan malamai. Tun 1966 rahoton masanin zamantakewa James Coleman ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri. Inda gidaje ke da tsada, iyaye kuma suka yi jami'a, maki zai hau ko da koyarwar ba ta taka kara ta karya ba. Ga shi kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantu daga harajin gidaje yake fitowa.

Dokar ilimi ta No Child Left Behind da George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta sha suka, amma ni dai ina yaba mata a kan abu ɗaya: ta tilasta a ware sakamakon 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da masu koyon Turanci, da masu buƙata ta musamman, da na kowane launin fata da ƙabila. Dokar 2015 da ta gaje ta ba ta soke wannan ba. Sai an ware ake ganin waɗanda makin 'ya'yan masu hali ya rufe.

Shi ma ma'aunin talaucin yana da ɓaraka. Ana ƙirga masu cin abincin rana kyauta, wato iyalan da kuɗin shigarsu bai wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci ba, da masu samun rangwame har zuwa kashi 185. To, wasu iyayen kunya ke hana su cike takardar neman abincin, wasu kuma Turancin ne bai zauna ba.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne tafiyar da yaro ya yi cikin shekara. Yarinya ta shigo aji 6 tana karatu irin na 'yan aji 3, shekara ta zagayo ta kai na aji 5. A jadawalin gwamnatin jiha har yanzu "ba ta kai ba" aka rubuta, alhali malamarta ta yi aikin shekara biyu cikin ɗaya.