Farar Riga, Fuska a Duhu

Yawancin hotunan da ake ɗauka a ƙauyukanmu ranar Sallah ko wajen ɗaurin aure ciwonsu ɗaya: riga ta fito fes, fuska ta nutse cikin duhu. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne, to idan farar shadda ta cika rabin hoton, sai ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuskar mai rigar kuma ta biya bashin. Ga rawani ko malafa sun ƙara jefa inuwa a kan idanu. A ganina, hoton da jika ba zai gane kakansa a ciki ba bai yi aikin da aka ɗauke shi dominsa ba.

Fara da lokaci. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana tsakar ka, tana rama idanu, tana sa mutum yamutsa fuska. Hantsi ko bayan La'asar ya fi. Idan dole sai da tsakar rana, kamar a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a nemi inuwa cikakkiya. Gindin darbejiya yana yaudara, domin rana tana ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare.

Wurin da babu kamarsa shi ne ƙofar zaure. Dattijo ya zauna taku ɗaya daga ciki yana fuskantar waje, kai kana tsaye a waje. Haske zai shigo masa a tausashe, bayansa ya yi duhu, furfurar gemu da zanen aikin wuyan riga su fito ɗaya bayan ɗaya. Durƙusa har wayar ta zo daidai idonsa. Ɗaukar babba daga sama yana ƙanƙantar da shi. Taɓa fuskarsa a kan allon wayar, sannan ka ja alamar rana da za ta bayyana sama kaɗan don ƙara haske. Kada ka jawo hoto da yatsu biyu, tsagewa yake yi. Matsa kusa da ƙafarka.

Da hunturu ƙura tana kwanciya a gilashin kyamara, hoto ya fito kamar an shafa masa toka. Hure ta tukuna kafin ka goge da tsumma mai laushi, in ba haka ba yashin zai karce gilashin.

Kafin duk wannan akwai sallama da neman izini: "Baba, ka yarda in ɗauke ka hoto?" In ya ce a'a, shi ke nan. Mata kuwa sai da yardarsu, kuma yarda a ɗauka daban, yarda a ɗora a Facebook daban.

Hoton da ya yi kyau a kai gari a wanke shi, a kawo wa mai shi nasa. Waya tana ɓata, katin ajiya yana mutuwa, WhatsApp kuma yana rage ingancin hoto, sai dai a tura shi a matsayin fayil.