Wayar da ta kashe mini batir cikin wata tara

Batir mai amfiya-awa 200 bai kamata ya mutu cikin wata tara ba. Nawa ya mutu, kuma da na bi diddigin abin da mita a hannu, na tarar farantan sola lafiyarsu ƙalau, kwantirola mai daidaita cajin batir na aikinta, inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida ma haka. Waya ce ta kashe shi, wayar da ta sauko daga kan kwano zuwa ɗakin batir, wadda kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin batirin ba. Har yau idan na tuna raina sai ya ɓaci, domin na lissafa komai a wannan aikin, ita kaɗai na saya da ido.

Ga yadda haɗin yake. Faranti biyu masu wat 200 kowanne, irin na batir mai bolt 12, na haɗa su kai da kai, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa. Kowanne yana bayar da amfiya 11 (yawan wutar da ke gudana) a kan bolt 18 (ƙarfin da ke tura ta) idan rana ta take, su biyun amfiya 22 ke nan. Kwantirola irin ta PWM ce, wato mai haɗa faranti da batir kai tsaye, sai batir mai ruwa guda ɗaya da inbata mai wat 1000. Daga faranti zuwa kwantirola tsawon mita 12 ne, amma wuta zuwa take yi ta dawo, don haka wayar da take bi mita 24 ce. Na sa waya mai kaurin 2.5, wato murabba'in milimita biyu da rabi, irin wadda ake ja wa soket a gida.

Lissafin da na yi kafin in fara bai da aibi a takarda. Fanka biyu masu wat 50 na awa shida, wat-awa 600. Ƙwan fitila biyar masu wat 9 na awa huɗu, 180. Talabijin mai wat 60 na awa uku, 180. Da cajin wayoyin hannu, a ce 1000 a dare guda. Inbata takan riƙe kusan kashi 12 cikin ɗari ta mayar da shi zafi, shi ya sa take da fanka a cikinta, saboda haka batir zai fitar da wajen 1140. Batirin dalma kuma ba ya mayar maka da duk abin da ka zuba masa, wajen kashi 80 cikin ɗari yake dawo da shi, saura ya tafi a ɗumi da ƙananan kumfar da ruwansa ke yi lokacin caji. To don in ci 1000 da dare sai na zuba wajen 1420 da rana. Kwantirola irin tawa tana janyo faranti ƙasa zuwa bolt ɗin batir, don haka abin da ke shiga shi ne amfiya 22 sau bolt 13.5, kusan wat 300, a awa biyar na rana mai ƙarfi ya zama 1500. Akwai rarar 80 kacal. Da na tsaya na kalli wannan 'yar rarar da kyau, da na san babu wurin da za a yi asarar komai a hanya.

Duk wanda ke wannan sana'a ya san makamashi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Hasken rana da tsaka yana sauke wajen wat 1000 a kan kowane murabba'in mita. Farantaina biyu sun kai kusan murabba'in mita biyu, rana na zuba musu wat 2000, suna mayar da kashi ɗaya cikin biyar lantarki, wani abu kaɗan ya koma sama, mafi yawa ya zama zafin da ke hana ka ɗora tafin hannu a kan gilashin da azahar. Lantarkin ya shiga batir ya kwanta a matsayin sinadari tsakanin dalma da ruwan asid. Da dare ya tashi ya koma lantarki, ya zama motsi a fanka, haske a ƙwan fitila, sauti da hoto a talabijin. A kowace gaɓa sai an bar wani abu a matsayin zafi. Na ƙirga gaɓar faranti, na ƙirga ta batir, na ƙirga ta inbata. Waya ban ɗauke ta a matsayin gaɓa ba, na ɗauka hanya ce kawai, abin da ya shiga ta wannan bakin shi zai fito ta wancan.

Wata biyun farko ban lura da komai ba, saboda wutar layi tana leƙowa jefi-jefi, inbata ta cika batirin ta rufe ɓarnar. Da bazara ta shigo, wutar ta yi ƙaranci, fanka kuma ba ta hutawa, sai inbata ta fara kuka da ƙarfe uku na dare, daga baya ƙarfe ɗaya. Na wanke faranti, na ƙara wa batir ruwa, na rage kallon talabijin. Babu abin da ya sauya. Da asuba idan na auna batirin babu kaya a kansa sai in ga bolt 11.8, alhali cikakken batir 12.7 yake nunawa, wanda ya kai rabi kuma wajen 12.1 zuwa 12.2. Kullum a ƙasa yake kwana, kullum kuma rana ta faɗi bai cika ba.

Awon da ya tona asirin bai ɗauke ni minti goma ba, kuma tun ranar farko ya kamata in yi shi. Da ƙarfe goma sha biyu da rabi na hau kan kwano na sa mita a bakin faranti: bolt 17.3. Na sauko na auna a bakin kwantirola: 13.5. Bolt 3.8 sun maƙale a hanya. Mitar da ake maƙala wa waya ta nuna amfiya 14, ba 22 ba, ba ma 20 ba. Na kama wayar a inda ta shigo ta taga, a inuwa take, amma da ɗumi kamar an ajiye ta a rana.

Na zauna na yi lissafin da na tsallake a baya. Turjiyar wayar jan ƙarfe, wato yadda take danne wutar da ke bi ta cikinta, wadda ake aunawa da om, ita ce 0.0175 sau tsawon waya a mita, a raba da kaurinta. Mita 24 a kaurin 2.5 ya kamata ya bayar da om 0.17. Ko wannan ma ya yi yawa. Amma bolt 3.8 a raba da amfiya 14 yana bayar da 0.27. Bambancin ya dame ni, sai na yanko guntun wayar na kankare sili ɗaya da reza. Jan ya fita, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe siriri a waje. Turjiyar alminiyam wajen 0.028 ce, in ka sa ta a lissafin sai ga 0.27 daidai. Kuskure biyu ke nan a waya ɗaya: siririya ce, sannan ba jan ƙarfe ba ce.

Zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya, abin da James Joule ya gano a Ingila tun wajajen 1841. Sha huɗu sau sha huɗu sau 0.27, wat 53 ke nan suna ɗumama bango a banza tsawon yini. Amma wannan ba shi ne babbar asarar ba, kuma nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Ana auna ƙarfin faranti ne a zafin digiri 25. A Kano cikin watan Afrilu iska kanta takan haura digiri 40, faranti a kan kwano yakan kai 60 zuwa 65. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma bolt ne ke raguwa. Farantin da ya kamata ya yi aiki a 18 sai ya sauko wajen 15 da rabi. Ni kuma wayata tana tilasta masa ya tsaya a 17.3 kafin ya iya tura wuta cikin batir. A wannan matsayi faranti mai zafi ya riga ya wuce inda yake da ƙarfi, amfiyarsa ta zube. Makamashin da bai samu hanyar fita ba ya zauna cikin farantin ya ƙara masa zafi. Abin da ke isa batir wat 189 ne maimakon kusan 300. Idan batirin ya doshi bolt 14.4, inda ake so ya daɗe kafin ya cika sosai, sai amfiyar ta ƙara faɗuwa. A yini bai fi wat-awa 950 nake samu ba, ina neman 1420.

Batirin dalma ba ya yafe wannan. Idan ya sauke wuta, wani farin gishiri yakan kwanta a kan farantan dalmar da ke cikinsa, cikakken caji ne ke narkar da shi ya koma cikin ruwa. In aka yi makonni ba a cika shi ba, gishirin ya sandare, wurin da ya rufe ya daina aiki har abada. Nawa watanni ya yi a haka, a ɗakin da babu iska, zafi kuma yana gaggauta tsufan batir: ƙa'idar da ake bi a aikin ita ce kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwarsa biyu. A ƙarshe yana nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya ƙare cikin awa ɗaya. Na kai shi an yi masa dogon caji na kwana biyu, bai dawo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalilin da ya sa wutar madatsun ruwa na Kainji da Shiroro ke tafiya a manyan layuka masu bolt 330,000. Ruwan da aka tare a sama ya gangaro ya juya injin, motsi ya zama lantarki, sai a ɗaga bolt sama sosai don amfiya ta ragu, waya kada ta cinye wutar kafin ta iso gari. A gida wutar soket bolt 230 ce, kayan wat 300 ba sa jan fiye da amfiya ɗaya da ɗigo uku, shi ya sa waya mai 2.5 take wadatarwa har da rara. Wat 300 ɗin nan a bolt 13.5 amfiya 22 ne, ninki goma sha bakwai, zafin da zai fita a waya iri ɗaya kuma ya kusa ninki ɗari uku. Idon da ya saba da wayar soket shi ya yaudare ni.

Gyaran bai da wuya. Na dawo da batir da kwantirola kusa da inda farantan suke, tazara ta koma mita 6, zuwa da dawowa 12. Na sa jan ƙarfe na gaske mai kaurin 10. Turjiya ta koma om 0.021, a amfiya 20 abin da ke faɗuwa bai kai rabin bolt ba, zafin da ke fita wat 8 ne kawai. Ranar da na gama, da azahar mita ta nuna amfiya 20 daga farantan nan guda biyu da na yi watanni ina zargi. Daga baya na sauya kwantirola zuwa MPPT, irin wadda ke karɓar bolt mai yawa daga faranti ta sauke shi daidai da na batir, na jera farantan ɗaya bayan ɗaya, jan wannan cikin baƙar wancan, suka zama bolt 36 a amfiya 11. Amfiya ta ragu da rabi, zafin waya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda zai yi haka ya fara duba iyakar bolt da kwantirolarsa ke ɗauka, a rubuce yake a jikinta.

Yanzu ba na sayen waya sai na kankare sili ɗaya a gaban mai shago. Ina kuma kunna masa ashana ko laita: silin alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya karye, domin yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai 1085, sai dai ya yi baƙi ya tsaya. Nauyi ma yana faɗa, jan ƙarfe ya ninka alminiyam sau uku da ɗoriya, naɗin da ya yi sakayau a hannu abin tuhuma ne. Rubutun da ke jikin roba ba hujja ba ne, tawa ma 2.5 aka rubuta mata da kyau.

Wannan ƙa'ida ta fi tsanani tsakanin batir da inbata. Dutsen guga mai wat 1000 yana jan kusan amfiya 95 daga batir mai bolt 12. A nan waya kada ta gaza kaurin 25, kada ta wuce mita ɗaya, a sa fis kusa da kan batir, a ɗaure kusoshi tam. Kan batir da ya yi sako-sako turjiya ce shi ma, amfiya 95 kuma tana iya narkar da dalmar wurin. Ni dai na cire guga da butar lantarki daga layin sola gaba ɗaya. Tafasa lita biyu ta ruwa daga digiri 25 yana cin wat-awa 175, kusan abin da ƙwan fitilana biyar ke ci a dare guda, gas ko gawayi kuma suna bayar da zafin kai tsaye ba tare da an bi ta faranti da batir da inbata ba.

Kowane sabon haɗi yanzu, kafin in sauke tsani, ina auna bolt a bakin faranti da bakin kwantirola da tsakar rana, batir yana cikin caji. Idan bambancin ya haura kashi uku cikin ɗari, wato kusan rabin bolt a haɗin bolt 12, wayar ba ta kwana a wurin. Sabon batirin yana kai 14.4 kafin ƙarfe biyu na rana, da asuba kuma ina tarar da shi a 12.3.